Ina Tamu Ganuwar?

A damanar bara wani tsohon ɗalibina, ɗan wani ƙauye da ke tsakanin Tasawa da Mayahi, wanda ya sami gurbin karatun injiniya a ƙasar Sin, ya aiko mini da hoto ta waya. Yana tsaye bisa wata ganuwa mai faɗin da motoci biyu za su gifta juna a kanta ba tare da sun gogu ba, a bayansa kuma mutane suna ta yawo da kekuna. Ya ce nan ne Shi'an, tsohon babban birnin sarakunan Sin, kuma abokan karatunsa ne suka kai shi lokacin hutu. Bayan sun gama zuba masa labarin sarakuna da dauloli, sai ɗaya daga cikinsu ya ce shi ma ya ba su labarin garinsu. “Mushe,” in ji shi, “na buɗe baki ban sami abin faɗa ba, in ban da gero da wake da ranar kasuwa.” A ƙarshen saƙon ya yi mini tambayar da na ɗora a kan wannan rubutu: mu ina tamu ganuwar?

Ban ba shi amsa a daren nan ba, don na ji tambayar kamar tuhuma ce, ko da yake yaron mai ladabi ne, ba zai nufi haka ba. Shekara huɗu ya yi a gabana. A darasin Faransanci na gaya masa yadda sarkin Faransa Luwi na 14 ya kwashe fadarsa daga Paris ya koma Versailles a 1682, har da dalilan da suka sa ya yi haka. A darasin Hausa mun yi nahawu da karin magana da tatsuniya. Amma ban taɓa tsayawa ko na rabin sa'a na gaya masa cewa garin da yake zuwa cin kasuwa bisa amalanke ya taɓa zama mazaunin Sarkin Katsina ba. Na ɗauka aikin malamin tarihi ne. Malamin tarihi kuwa yana fama da tsarin karatun da aka ba shi, yana tseren gama shi kafin jarrabawa.

Washegari na nemi abin da zan karanta game da birnin da ya tsaya a kansa, don kada in yi magana a kan abin da ban sani ba. Tsohon sunansa Cang'an, ma'anarsa dawwamammen zaman lafiya. A kusa da shi ne sarkin da ya fara haɗa ƙasar Sin wuri guda a shekara ta 221 kafin haihuwar Annabi Isa (AS) ya yi mulki, a can kuma aka binne shi. Zamanin daular Tang, daga 618 zuwa 907, birnin ya tara mutane kusan miliyan guda, kuma daga nan ayarin siliki yake tashi zuwa yamma. Fatake Musulmi daga Farisa da ƙasashen Larabawa sun zauna a ciki, har yau akwai babban masallacinsu wanda ake danganta kafuwarsa da shekara ta 742. Duk wannan ya burge ni, amma abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne faɗuwar birnin. A 904 wani jarumin yaƙi da ya fi ƙarfin sarki ya tilasta aka tashi fada zuwa Luwoyang, aka rushe gidaje, aka zuba katakon rufinsu a kogi ruwa ya tafi da shi zuwa sabon mazauni. Ganuwar da ɗalibina ya hau, mai zagayen kilomita kusan 14, an gina ta ne daga baya, a ƙarni na 14, kuma ɗan yanki kawai ta kewaye na filin tsohon birnin. Cikinta ƙasa ce da aka daddaɓe, irin dai ƙasar da kakanninmu suka yi ganuwa da ita. Sai a 1568 aka lulluɓe ta da tubalin ƙonawa. Ko a ƙarnin da ya wuce saura kaɗan a rushe ta, kamar yadda aka rushe ta Bejin, sai aka sa ta cikin kayan tarihin da doka ta kare a 1961, aka kuma shiga gyaranta gadan-gadan daga 1983.

Wato ke nan ganuwar ba don ƙarfinta kaɗai ta kai yau ba. A kowane zamani an sami waɗanda suka zauna suka yanke shawarar a bar ta, suka kuma kashe kuɗi a kanta. Wannan ya rage mini kunya ta wani gefe, ya ƙara mini ita ta wani.

To, mu koma gida. A watan Janairu na 1851 Bajamushen nan Heinrich Barth, wanda ya yi yawo da sunan Abdulkarim, ya sauko daga Abzin tare da ayarin gishiri, ya ratso Damargu ya iso Tasawa. Ya rubuta cewa shi ne babban gari na farko da ya gani a ƙasar baƙar fata ta sosai, kuma ganinsa ya faranta masa rai: gidaje da darni, inuwar itatuwa, mutane kowa na harkar gabansa. Ya ga marina, ya ga daddawa a kasuwa, ya ga ana sayar da fara. Duk lokacin da na karanta wurin nan sai in yi murmushi, domin baƙon da ya ratso hamada wata da watanni, abin da ya fara lura da shi a garinmu shi ne abin da har gobe ake sa wa a miya. Daga wannan yanki ne abokin tafiyarsa Overweg ya nufi Maraɗi da Gobir, shi kuwa Barth ya bi ta Gazawa ya keta dajin da ya raba mu da Katsina, dajin da a lokacin ba a shiga sai da shiri, don fagen yaƙi ne. Da ya isa Birnin Katsina ya tarar da ganuwa mai zagayen mil 13 zuwa 14, amma mafi yawan cikinta fili ne da gonaki, mutanen ba su cika ko kusurwa guda ba.

Dalilin wannan fili da wannan daji duk guda ne. Wajen 1807 jama'ar Shehu Usmanu ɗan Fodiyo, ƙarƙashin Malam Umarun Dallaji da abokansa, suka ci Birnin Katsina. Gidan sarautar da ya riƙe birnin tun zamanin Muhammadu Korau a ƙarni na 15 ya fito ya nufi arewa. A Ɗankama aka sake cin su, kuma a nan ne Sarki Magajin Halidu ya faɗa rijiya. Waɗanda suka rage suka naɗa Ɗan Kasawa, suka tafi Damagaram neman mafaka, suka yi shekaru a gefen ƙasar wani. Wajen 1819 mutanen kwarin Maraɗi suka yi wa wakilin sabbin masu mulki tawaye, suka kira Ɗan Kasawa ya zo. Daga ranar nan Katsina ta zama biyu: ɗaya tana da birni da ganuwa da hasumiyar Gobarau da takobin Korau da ake kira Gajere, ɗayar tana da zuriyar sarakunan da suka gina su. Kowacce tana kiran mai mulkinta Sarkin Katsina.

A nan nake so mai karatu ya ɗan dakata tare da ni, don a nan amsar tambayar yaron take, in akwai ta. Mutanen da suka fito daga Katsina ba su iya ɗaukar ganuwa ba, ba su ma sami zuba azara a kogi kamar mutanen Cang'an ba. Abin da suka ɗauko shi ne tsarin birnin. Da suka zauna a Maraɗi sai suka sake shimfiɗa shi kamar yadda mai tabarma yake shimfiɗa abarsa duk inda dare ya yi masa: ga Galadima, ga Ƙaura mai riƙe da yaƙi, ga Ƴanɗaka, ga Durɓi, su huɗun nan su ne masu zaɓen sarki; ga Iya mai kula da sha'anin mata da na bori; ga maroƙa masu riƙe da jerin sunayen sarakuna a ka, suna jero su tun daga na farko ba tare da sun nuna an taɓa yin ƙaura ba. Sarautar Durɓi kanta tana tuna wani mazaunin da ya girmi Birnin Katsina, wato Durɓi ta Kusheyi, inda manyan kaburburan tudu suke har yanzu a ƙasar Mani. Maƙwabtanmu Gobirawa, waɗanda jikokinsu suka cika azuzuwanmu a wajen Mayahi, sun fi mu sanin wannan hali. Sun zauna a Birnin Lalle, can ƙasar Dakwaro ta yau, sun gangara kudu har suka gina Alƙalawa, aka ci Alƙalawa a 1808, bayan yaƙin Gawakuke na 1836, inda Sarkin Gobir Ali da Sarkin Katsina Rauda suka kwanta dama a rana ɗaya, suka kafa Tsibiri. Babban birni a wurinmu abu ne da ya sha hawa doki. Inda tambari ya sauka, nan ne birni.

Haka tambarin ya iso Tasawa. Garin ya daɗe da nasa mutane, Tazarawa, yana bin Katsina tun kafin jihadi, yana bin Maraɗi bayansa. A ƙarshen ƙarni na 19 sarautar Maraɗi ta raunana, Ƙaura Hasau ya fi ƙarfin sarakuna, yana naɗawa yana tuɓewa. Sarki Mijinyawa ya fito da jama'arsa ya zauna a Tasawa, bai kuma ajiye sunan Sarkin Katsina ba. Katsina ta zama uku ke nan. Ba na ce wannan abin alfahari ne ba. Rikicin cikin gida ne, irin wanda yake buɗe wa baƙo ƙofa. Baƙon kuwa yana kan hanya.

A 1899 rundunar Voulet da Chanoine ta taso daga bakin kogin Kwara ta nufi tafkin Cadi, tana ƙone garuruwa. Ta yi yaƙi da Sarauniya a Lugu, ta yi kisan gilla a Birnin Ƙwanni, ta shigo ƙasarmu ta kashe mata da yara a Koran Kalgo. Gwamnatin Faransa ta turo Kanar Klobb ya tsayar da su, Voulet ya sa aka harbe shi kusa da Ɗankori ranar 14 ga Yuli. Kwana biyu bayan haka sojojinsu suka juya musu baya suka kashe Chanoine, washegari suka kashe Voulet. Kaburburansu suna Maijirgi. Na sha wucewa ta wurin a mota in zan je Damagaram, kuma duk sa'ad da na wuce sai abu guda ya dame ni: in baƙo ya zo ƙasar Tasawa ya ce a nuna masa wurin tarihi, abin da aka fi saurin kai shi ya gani shi ne makwancin mutum biyun da suka zo kashe mu.

Turawan Faransa sun tarar da Mijinyawa a Tasawa, suka yi hulɗa da shi, garin ya zama mazaunin kumandan, har Maraɗi tana ƙarƙashinsa a takarda. Ma'aikatan da suka shata iyaka tsakanin 1906 da 1908, a ƙarƙashin Tilho a ɓangaren Faransa, su ne suka ja layin da ya mayar da tsohon dajin yaƙi ya zama iyakar ƙasa da ƙasa. Tafintansu Landeroin ya zauna da tsofaffi ya rubuta tarihin sarakunan wannan yanki, shi da Tilho kuma suka wallafa nahawu da ƙamus na Hausa. A matsayina na mai cin abinci da harsunan nan biyu, ina jin wani iri in na tuna cewa hannun da ya raba ƙasar shi ne ya rubuta labarinta da boko, kuma da Faransanci ya rubuta. Sa'an nan a 1927 aka ɗauke mazaunin kumandan aka kai Maraɗi, shekara guda bayan an ɗauke babban birnin mulkin mallaka daga Damagaram an kai Yamai. Gyaɗa da hanyar Kano suka ɗaga Maraɗi. Tasawa ta zama garin da motar Yamai zuwa Damagaram take tsayawa a sha ruwa a yi salla.

Wannan duka na tattara shi cikin makonni, daga littafin Yusufu Bala Usman kan Katsina, da rubuce-rubucen Philippe David kan Maraɗi, da abin da na ji daga bakin manya tun ina yaro ban ba shi muhimmanci ba. Da aka koma lakwal sai na saci sa'a biyu daga darasin Hausa na ba ƴan ajina labarin. Sun yi tsit fiye da yadda suka saba. Da na zo wurin Ɗankama da rijiya, sai wata yarinya, mai ƙoƙari ƙwarai, wadda take zuwa makarantar allo da asuba kafin ta zo wurinmu, ta ɗaga hannu. Ta ce: “Mushe, ke nan kakanninmu su ne suka yaƙi Shehu? To ashe kafirai ne?”

Ajin ya ƙara yin tsit, amma wani irin tsit daban. A nan na gane dalilin da ya sa ba a cika ba da labarin nan ba, na kuma gane cewa ba tsarin karatu kaɗai ya hana ni ba. Yaran nan sun tashi suna jin sunan Shehu Mujaddadi da girmamawa, ni ma haka na tashi, kuma ban sauya ba. Ga shi tarihin garinsu ya ajiye su a ɗaya gefen fagen fama. Mutanen Shi'an suna iya nuna kabarin sarkin da ya ƙone littattafai su karɓi kuɗin shiga, don abin ya yi nisan shekara dubu biyu. Namu shekara ɗari biyu ne kawai, kuma har yanzu yana taɓa addini da aure da sunan gida.

Na gaya mata abin da na sani. Sarakunan Katsina Musulmi ne tun ƙarni na 15. A birnin nan ne Wali Ɗan Marina da Wali Ɗan Masani suka yi zamani a ƙarni na 17, ɗalibai suna zuwa daga nesa. Abin da malaman jihadi suka tuhumi sarakuna da shi shi ne zalunci, da harajin da shari'a ba ta san da shi ba, da gauraya addini da al'adun gargajiya, kuma wanda ya karanta tarihin da idon gaskiya ba zai ce tuhumar ba ta da tushe ba. Su kuma waɗanda aka kora suna ganin an ƙwace musu gadon iyaye ne, kuma Shehu Laminu na Barno, malami ne shi ma, ya yi musayar wasiƙu da Muhammadu Bello yana jayayya kan halaccin yaƙar ƙasashen da ake salla a cikinsu. Na ƙara mata da abin da ya fi ɗaci: shekarun da suka biyo baya, dawakin Maraɗi sun kai hari kudu, na kudu sun kawo hari arewa, kuma kowane ɓangare ya kama talakawan ɗan'uwansa ya sayar. A cikin ajin nan, na ce, akwai jikokin waɗanda suka hau dokin, akwai jikokin waɗanda aka ɗaure a bayansa, kuma yawancinmu mun haɗa jinin duka biyu. Ban sani ba ko amsar ta gamsar da ita. Ta rubuta wani abu a littafinta, ba ta sake magana ba ranar nan.

Wani abokin aikina ya ce mini da na bar zancen, kada iyaye su ji a ce mushen Faransanci yana zagin malamai. Na fahimci tsoronsa, ban kuma raina shi ba. Sai dai ina ganin yaron da aka ɓoye wa rabin labarin gidansu, ranar da ya ji shi a bakin wani zai ji shi a karkace. Tun da dokar ƙasa ta 2025 ta ɗaga Hausa ta zama harshen ƙasa, Faransanci ya koma harshen aiki, ana ta murna a ɗakin malamai, ni ma na yi. Amma na tambayi kaina me za mu zuba a cikin harshen in an ba shi wuri. In fassarar darasin Versailles ce kawai za mu yi, ɗalibina na gaba da zai hau ganuwar wani zai sake buɗe baki ya rasa abin faɗa, da Hausa wannan karo.

Sojojin yumɓu dubbai da Shi'an take taƙama da su, manoma ne suka ci karo da su a 1974 suna haƙar rijiya lokacin fari. A nan Nijar ma an tono mutum-mutumin yumɓu na Bura, a yammacin ƙasa, bayan an yi tuntuɓe da wurin a 1975, Boubé Gado ya yi aikin haƙa a 1983, daga baya ɓarayin kayan tarihi suka yi wa wuraren wawa. Manomanmu na kwarin Gulbin Kaba, kowace shekara hauya tana fito musu da tsingaro da kashin maƙera a tsofaffin kufai, su tattara su jefa bakin gona don kada su dakushe musu ƙarfe. Ba ni da kuɗin haƙa, ba ni da iliminsa. Abin da nake da shi yara sittin da ƴan kai ne, kusan kowane gida kuma akwai waya mai ɗaukar murya.

Saboda haka kafin hutun tsakiyar shekara na ba su aiki: kowa ya je wurin wanda ya fi tsufa a gidansu, ya tambaye shi daga ina aka zo, wa ya sari dajin garin, me ya kore su daga inda suka baro, a ɗauki muryar, a rubuta da Hausa kamar yadda aka faɗa, ba gyara. Rabin ajin ba su yi ba. Wasu sun kwafo daga intanet, na gane su da ganin layin farko. Amma goma sha bakwai sun kawo abin kirki. Wani yaro daga wajen Korgom ya kawo labarin kakan kakansa da ya gudo daga kudu da garwashi a kasko. Wata daga Urafan ta kawo jerin rijiyoyi bakwai da danginsu suka zauna a kansu ɗaya bayan ɗaya, da sunan wanda ya haƙa kowacce. Yarinyar da ta yi mini tambaya ta kawo shafi tara, fiye da kowa. Kakarta ta gaya mata cewa su ta wajen uwa daga Katsina aka kamo su, ta wajen uba kuma su ne suka kamo, ta kuma ce a kashe wayar kafin ta faɗi sunan gidan.

Na ɗauki hoton shafukan na tura wa ɗalibina a Sin, tare da labarin Ɗan Kasawa da Mijinyawa a taƙaice. Ya amsa bayan kwana uku, ya ce ya karanta wa abokin nasa da Turanci gwargwadon iyawarsa, abokin ya tambaya ko za a iya zuwa a ga rijiyar Ɗankama. Ya kuma roƙe ni in aika wani yaro ƙauyensu da waya kafin damana, don kakansa ya haura tamanin kuma tun sanyin bana bai fita ƙofar gida ba. Na sa ƙanensa, wanda yake aji na uku a wurinmu, zai tafi ranar Juma'a in an tashi.